Man farce: na kwalba za ki saya ko na gargajiya?

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, farcena ne ke rigan leɓena bushewa. Bakinsa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, fatar gefensa ta tattashi, in zo ɗaura ɗankwali zare ya maƙale. Na sayi mayuka kala-kala a kan wannan, wasu sun yi mini rana, wasu kuɗina kawai suka ci.

Kafin ki shiga kanti, 'yar'uwa, ki san abin da ke ɓata farcen. Da sinadarin keratin aka yi shi, irin na gashi, kuma yana shan ruwa. Kina wanke-wanke ya jiƙa ya yi laushi, kin tsame hannu iska ta busar da shi ya tsuke. Ki lissafa sau nawa hakan ke faruwa a yini, tsakanin wanki da girki da wankan yara, ga omo yana kwashe ɗan maiƙon da ke riƙe da shi. Aikin man farce shi ne mayar da wannan maiƙon da tsare danshi. Ba ya sa farce saurin tsiro, ko me aka rubuta a jikin kwalba. Farcen hannu milimita 3 zuwa 4 yake ƙaruwa a wata, kuma sai an yi kusan wata shida kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya.

Akwai 'yan ƙananan kwalabe masu buroshi, wasu kuma kamar biro. Yawanci man jojoba ne a ciki, haɗe da man almon da bitamin E. Jojoba ɗin tsiro ne na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, mansa ruwa-ruwa ne, fata na shanye shi nan da nan. Ga ma'aikaciyar ofis, ɗaliba ko tela mai taɓa yadin mutane, wannan ya fi dacewa da rana don ba ya barin tabo. Sai dai akwai tsada in aka duba ƙanƙantar kwalbar. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, sannan ki karanta jerin kayan haɗin: abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. In jojoba yana can ƙarshen layi, sunansa kawai aka sayar miki.

Ni dai man kaɗanya na fi yarda da shi, kuma ba don arha kaɗai ba. Yana da kauri, yana zama a kan farce da fatar gindinsa har gari ya waye. Wurin saye ne ake yin kuskure. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki: mai kyau narkewa yake da ɗumin jiki, ba ya barin tsakuwa-tsakuwa, ƙamshinsa na kaɗanya ne mai ɗan hayaƙi. In kin ji yana wari kamar tsohon man suya, ya kwana biyu, ki bar shi. In kin kai shi gida ki zuba a roba mai murfi, nesa da rana da murhu. Man kwakwa da na zaitun ma suna yi, amma sun fi saurin gogewa a jikin zanin gado. Basilin kuwa ba ya ƙara danshi, rufe wanda ke akwai yake yi, shi ya sa ya fi amfani a kan hannun da bai gama bushewa ba.

A kemis za ki samu man hannu mai yuriya ko gilisarin, sinadarai ne masu riƙe danshi a fata. Yana da kyau ga wadda hannunta ya yi kaushi da kanta, amma mai yuriya yakan yi zafi in fata ta riga ta tsage.

Wanda nake so ki yi hattara da shi shi ne ruwan taurara farce, mai kama da jan farce marar launi. Wasu na ɗauke da formaldehyde ko formalin, haka za ki gani a rubuce. Yana sa farce ya yi tauri, amma busasshen farce ba tauri yake nema ba, in ya ƙara tauri karyewa yake kamar busasshen kara. Kuma yana yin rufi a kan farce yadda ruwan alwala ba zai taɓa shi ba, cire shi kuma galibi da asiton ake yi, wato ruwan goge jan farce, wanda shi ma busarwa yake. Ƙwayar bayotin, wani nau'in bitamin da ake tallatawa don ƙarfin farce, ita ma kada ki sha kai tsaye. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa tana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na zuciya.

Ga yadda nake yi. Bayan sallar Isha'i, hannu da sauran danshi, in ɗebi man kaɗanya kamar ƙwayar wake, in bi farce ɗaya bayan ɗaya ina murzawa a gindinsa da gefensa. Da rana ɗigon jojoba bayan wanke-wanke. Wanki mai yawa kuma da safar hannu ta roba. In mai yankan farce ya zo, ki hana shi ƙwaƙule fatar gindin farcen, ita ce ke tare ƙwayoyin cuta, kuma ta irin wannan rauni karkare ke samun ƙofa.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai. Farcen da ya yi kauri, ya yi rawaya yana marmashewa, galibi cutar fangas ce, dangin makero. Wanda ya lotsa tsakiya kamar cokali kan nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Baƙin layin da ya fito sabo a tsawon farce ɗaya yana faɗi, shi ma ya fi ƙarfin mai. Waɗannan ki kai wa likita ya gani, kuma ranar da za ki je kada ki yi ƙunshi, don ya ga ainihin launin farcen.