Stevens 301 Turkey ko Baikal mai baki ɗaya: wacce ta dace da maharbin Kumasi?

Duk wanda ya kalli bidiyon farautar talotalo a Amurka zai yi kwaɗayin 'yar bindigar nan, Stevens 301 Turkey. Kamfanin Savage ke sayar da ita. Harba-ka-ruga ce, harsashi ɗaya take ci, ana karya ta a tsakiya a ɗura. Ƙaramarta, mai lamba .410, nauyinta wajen kilo 2.3 ne, bututunta inci 26, kuma an ɗora mata maɗaurin madubin saiti a sama. A hannu kam babu abin kushewa: za ka wuni da ita a rataye ba ka ji a kafaɗa ba.

Sai dai a duba aikin da aka ƙera ta dominsa. Talotalon daji tsuntsun Amurka ne, babu shi a dazukanmu. Maharbinsa zama yake yi ya jingina da bishiya, ya yi ta kwaikwayon kukan mace har namijin ya matso, sannan ya auna kai da wuya. Shi ya sa aka matse bakin bindigar ƙwarai, don ƙwayoyin su tafi a dunƙule. Sirrin kuma ba a ƙarfen yake ba, a harsashin yake. Da TSS ake harba ta, ƙwayoyin ƙarfen tongistin waɗanda suka fi dalma nauyi nesa ba kusa ba: curin da ya kai giram 18, in na dalma ne mai girmansa, giram 11 ne da 'yan kai. Saboda haka ƙwaya mai lamba 9, 'yar mitsitsiya, takan huda kamar dalma mai lamba 5, kuma kusan 300 ke shiga kwanso ɗaya. Cire TSS ka sa dalma, sai ta koma bindigar kurciya. TSS kuwa ko a can tsada gare shi, balle a nan da harsashin da dillalai suka saba ajiyewa na bindiga mai lamba 12 ne, wadda bututunta ya fi na .410 faɗi, masu manyan ƙwayoyin da ake kira AA da BB.

Ga kuma matsalar tsuntsun. Zabon daji da makwarwa a wajen Ejura ba sa tsayawa a auna musu kai. Daga ƙarƙashin ƙafarka makwarwa za ta tashi fir, a mita goma sha biyar. A wannan tazara, matsattsen baki bai buɗe ya fi faranti ba. Ko ka kuskure ɗungurum, ko ka same ta ka dagargaza naman.

Baikal MP-18, wadda tsofaffi suka sani da IZH-18, aikin masana'antar Izhevsk ne a Rasha. Ba ta da kyan gani, katakonta kamar na bencin makaranta. Nauyinta bai kai kilo 3 ba a lamba 12, ana buɗe ta da wani ɗan hannu da ke bayan kunama, kuma ana raba ta gida uku ba tare da sukuddireba ba, ta shige jaka. Kayan cikinta kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan.

Aibinta ɗaya ne babba: tana shuri. Maƙeran Ingila na da wata tsohuwar ƙa'ida, cewa nauyin bindiga ya ninka na dalmar da ke cikin harsashi sau 96. Harsashi mai giram 28 yana son kilo 2.7, mai 32 yana son kilo 3 da ɗoriya, mai 36 kusan uku da rabi. Ke nan Baikal a giram 28 zuwa 30 take jin daɗi. Wanda ya ɗura mata 36 zai sha duka a kafaɗa da kunci, kuma ba zafin ne abin tsoro ba, ɗabi'ar da yake haifarwa ce: mutum ya fara runtse ido yana fizgar kunama kafin ta tashi, harbin ya riƙa faɗawa ƙasa. Takalmin roba a gindinta yana rage abin sosai, amma yana ƙara tsawo. A gwada da rigar da za a shiga daji da ita; idan ka ɗora kunci, a samu kamar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hancinka da babban yatsanka.

Game da BB, an cika sonsa a wurin da bai kamata ba. Ƙwaya 50 zuwa 70 ce kawai a giram 28, alhali lamba 6 ta haura 200. BB na gyazbi ne da makamantansa. Ga zabo, lamba 4 ko 5. Ga makwarwa, 6.

Kada a yarda da bakin mai sayarwa, a tambayi kwali. A kafa babban kwali a gaban tudun ƙasa, inda babu hanya ko gona a baya, a auna mita 36, a harba sau uku, kowanne da sabon kwali. A zana da'ira mai faɗin santimita 76 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, a ƙirga. Cikakkiyar matsewa kan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari a ciki, matsakaiciya kusan 60. Abin da ya fi ƙirgen muhimmanci shi ne ramukan da zabo zai iya bi ya wuce, da kuma ko tarin ya karkata hagu ko dama daga inda aka auna.

Idan ta hannu ce, a karanta rubutun jikin bututu: 12/70 ko 12/76, wato tsawon mazaunin harsashi milimita 70 ko 76. Harsashi mai 76 yana shiga mazaunin 70 ba gardama, amma haɗari ne, don sai ya tashi bakinsa ke buɗewa, a nan matsi ke hauhawa. A cire katakon gaba, a rufe ta, a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, maɗaurin ya ci. A leƙa cikin bututun ta hasken rana, a nemi zobe mai duhu, alamar kumburi. Laimar Kumasi kuma ba ta raga wa ƙarfe: tsumma mai mai bayan kowace fita, kuma kada ta kwana cikin jakar da ta jiƙe.

A Ghana, lasin bindiga na 'yan sanda ne, ana sabunta shi duk shekara, kuma lambar da ke takarda ta zo daidai da ta jikin ƙarfe. Na farauta daban ne, a Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, in ban da gyazbi, shi ma sai da takarda.