Ta cinye min dala 2,400 da sunan rigar Dior

Jama'a, ku yi hattara da wata mata mai sayar da tsofaffin rigunan manyan kamfanoni a intanet. Dala 2,400 ta cinye min. Dala 2,400! Ina rubutun nan raina na tafasa.

Kafin wani ya ce ban iya saye ba, ni ba yau na fara tara irin waɗannan riguna ba, na san inda ake dubawa. Ta ce rigar Christian Dior ce, shahararren mai zanen tufafin nan na Faransa, ta 1955, shekarar da ya fito da yankan nan mai siffar harafin A, wai gadon kakarta ce. Na nemi hoton lakabi, ta turo: sunan kamfani, Paris, kakar shekara, har da lamba, kamar yadda ake samu a ɗinkinsu na musamman. Na ce ta juya rigar in ga shafi, ta juya. Ɗinkin hannu tsaf, zif na ƙarfe. To me kuma ya rage ban tambaya ba? Ku faɗa min.

Abin da ya tsaya min a rai muryarta ce. "'Yar'uwa, ba kuɗin ne damuwata ba, so nake ta faɗa hannun wadda ta san darajarta." Haka ta ce wallahi, har muryar na rawa. Na saurari saƙon nan ban san iyaka ba. Wadda ta san darajarta! Wa zai ji wannan ya kawo damfara a ransa?

Da kayan suka iso, tun daga taɓa yadin gabana ya faɗi. Ba siliki ba ne, roba ce mai ƙyalli. Zif ɗin ma na roba, gefen ɗinki duk aikin keke, ga wata 'yar takardar umarnin wanki a cusa a ciki, abin da sai a shekarun 1970 Amurka ta wajabta. Lakabin kuwa da farin zare sabo fil aka ɗinke shi, a karkace. Wato hotunan wata riga ce daban ta turo min.

Af, na tsallake maganar kuɗin. Kafin alƙalami ta fara karɓa, dala 900, wai wata na jira za ta ɗauka a daren. Sai cikon 1,500. A'a, kafin cikon ne ma ta ce in tura ta manhajar tura kuɗi ta PayPal a matsayin kyautar 'yan'uwa da abokai, wai don kada a yanke mata caji. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, kuma ta sani sarai. 900 da 1,500, dala 2,400 kenan a kan tsumma.

Na yi mata magana, ta ce ai ni na canja rigar. Ni! Daga nan ta toshe ni, ta sake wa shafin suna, kuma hoton rigar nan yana nan a shafin, wai ba a saya ba.

Duk hirarmu na ajiye, da rasit, da saƙon muryar. Zan ɗora hotunan da zarar na rufe bayanaina.

Ku nemi bidiyo kai tsaye tana riƙe da rigar, kuma kada ku biya ta hanyar kyauta. Duk wadda aka yi wa labarin gadon kaka, ta neme ni mu haɗa ƙorafi, don ni kam ban yafe dala 2,400 ɗina ba.