Fassara Italiyanci zuwa Turanci: manhaja, littafi ko na'ura?

Masu shirin zuwa Italiya, ko karatu ne ko saro takalma da jakunkuna a Milan da Napoli, kafin ku kashe kuɗi a kan abin fassara ku ɗan tsaya tukuna.

Google Translate dai kyauta ne, kuma wallahi shi ne na farko da zan ce a saka a waya, don za ka iya sauke Italiyanci tun kana gida yadda ko ba data zai yi aiki, ga kyamara, ka haska takardar abinci ko allon tashar jirgin ƙasa take ya juya maka, sannan akwai Hausa a ciki tun 2013 in Turancin ya maka nauyi. Matsalarsa gajerun kalmomin da ake faɗa kullum. Misali prego, in ka ce grazie (na gode) shi za a mayar maka, mai shago ma shi zai ce yana nufin me kake so, wanda ya riƙe maka ƙofa shi ma prego, wato bismillah wuce. Manhajar sau da yawa ma'ana ɗaya za ta zaɓo maka ta yi shiru. A nan shafin fassara na Reverso Context ya fi, shi jimloli yake jero maka da yawa ka ga inda kalmar ta zauna.

DeepL na Jamusawa ne, ya fito 2017, in doguwar wasiƙa ce daga mai gidan haya ko jami'a Turancinsa ya fi santsi gaskiya.

Ƙaramin littafin aljihu irin na Lonely Planet ko Collins ba ya cin caji, kuma yana nuna maka bambancin tu (kai na sabo) da Lei (kai na girmamawa), wanda ba ƙaramin abu ba ne, kar ka je questura (ofishin 'yan sanda) neman permesso di soggiorno (takardar izinin zama) ka ce wa jami'i ciao kamar abokin wasanka, buongiorno ake cewa.

Su kuma na'urorin fassara irin Pocketalk da Vasco, ɗaruruwan daloli ne fa, kuma kusan duk abin da suke yi wayarka na yi, ni dai ban ga dalili ba sai in kullum kana ciniki baki da baki. Takardun hukuma kuwa duk waɗannan ba sa shiga, traduzione giurata ake nema, mai fassara ya je kotu ya rantse a kai, can ne ya kamata kuɗinka su tafi.