Wane Albam na Eagles Ya Kamata Ka Fara Saya?

Duk wanda ya taso a gidan da ake sa kaset ɗin Don Williams ko Jim Reeves bayan la'asar, kunnensa ya riga ya saba da kiɗan kantiri na Amurka, kuma daga nan zuwa ƙungiyar Eagles taki ɗaya ne. Ni a motar kawuna na fara jin su, wata farar Fijo 504. Kaset ɗin ba shi da kwali, sai wata 'yar takarda da aka liƙa aka rubuta suna da biro, kuma da wannan biron yake mayar da zaren kaset ɗin baya don kada ya wahalar da rediyon motar. Ban san ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba a lokacin. Muryoyin ne suka kama ni.

Yawancin mutanenmu waƙa ɗaya suka sani ta Eagles, wato Hotel California, shi ya sa idan mutum ya tashi sayen albam ɗinsu sai ya nufi mai wannan suna kai tsaye. Idan abin da kake nema shi ne sanyin kantiri da haɗin murya, ba daga nan ya kamata ka fara ba.

Bari in fayyace abin da nake nufi da haɗin murya, domin ba amshi ba ne. A waƙar Shata, shi ne zai ja baiti, 'yan amshi su karɓa bayansa da murya ɗaya. Su Eagles kuwa mutum huɗu ko biyar ne suke faɗin kalma guda a lokaci guda, amma kowa da matakin da ya tsaya: wani a ƙasa, wani a tsakiya, wani can sama siriri kamar zare. Idan suka daidaita sai ka ji tamkar murya ɗaya ce mai kauri. Wannan shi ne jarinsu tun farko, kuma da shi nake auna kowane albam a nan.

A 1971 aka kafa ƙungiyar a Los Angeles, da mutum huɗu: Glenn Frey, Don Henley, Bernie Leadon da Randy Meisner. Dukkansu sun taɓa yi wa mawaƙiya Linda Ronstadt kiɗa kafin kamfanin Asylum na David Geffen ya ɗauke su. Furodusan da aka nema musu, Baturen Ingila Glyn Johns, da fari bai ga abin kirki a kiɗansu ba, sai ranar da ya ji su suna haɗa murya da jita maras lantarki sannan ya amince. A Landan ya naɗi albam ɗinsu na farko, mai suna Eagles, wanda ya fito a 1972. A cikinsa akwai Take It Easy, da Witchy Woman, da Peaceful Easy Feeling. Nan ne za ka fi jin hannun Leadon, wanda shi ne ainihin ɗan kantirin cikinsu, yana kaɗa banjo, wannan abin kiɗa mai tsirkiya da asalinsa ya faro daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma da bayi suka kai Amurka. Albam ne mai daɗi, amma ba duka waƙoƙin ne suka kai waɗannan ukun ba. Tun a wannan shekara ma masu sharhi suka rabu a kansu. Robert Christgau, ɗaya daga cikin fitattun masu sharhin waƙa a New York, ya yarda sun iya aikinsu amma ya soke su sosai, kuma irin wannan suka ta cewa kiɗansu ya cika santsi ta bi su shekara da shekaru alhali jama'a na ta saye.

Na biyu, Desperado na 1973, shi ne wanda na fi ƙauna, kuma shi ne wanda kasuwa ta fi juya wa baya lokacin da ya fito. Matsayi na 41 kawai ya kai a jadawalin Billboard, wato jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Labari ɗaya ne aka gina albam ɗin a kai daga farko har ƙarshe, na gungun 'yan fashin Doolin da Dalton na zamanin kaboyi, har mawaƙan suka yi shigar 'yan fashin da bindigogi a hoton kwalin. Waƙar da ta ɗauki sunan albam ɗin ba a ma fitar da ita daban don gidajen rediyo ba, sai da Linda Ronstadt ta rera tata a wannan shekara sannan ta ƙara bazuwa, yau kuma tana cikin waɗanda aka fi sani. Albam ne na zama a saurara a tsanake, ba na tsallake-tsallake ba. Banjo ya yi yawa a ciki, muryoyin sun fito fes, kuma a yawancin waƙoƙin babu hayaniyar jitar lantarki da za ta danne su. Wanda ya riga ya san yana son kantiri, wannan nasa ne. Wanda bai taɓa jin Eagles ba kuwa, zai iya ganin tafiyar ta yi masa nawa.

Daga nan ruwa ya fara canza hanya. Frey da Henley suna son kiɗan rok mai ƙarfi, Johns yana son su tsaya inda suka fi ƙwarewa. Ana tsakiyar aikin On the Border na 1974 suka rabu da shi suka koma wurin Bill Szymczyk, kuma suka ƙaro makaɗin jita Don Felder. Abin lura shi ne waƙarsu ta farko da ta kai lamba ɗaya a Amurka, Best of My Love, tana cikin biyun da suka rage daga aikin Johns, kuma lallausar waƙa ce ta haɗin murya zalla. One of These Nights na 1975 shi ne albam ɗinsu na farko da ya hau saman jadawali, a ciki akwai Lyin' Eyes da ta ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, da Take It to the Limit inda Meisner yake ɗaga murya har inda ba kowa ke kaiwa ba. Waɗannan biyun albam ne masu kyau, sai dai ba na ba sabon mai saye shawarar ya kashe kuɗinsa a kansu tukuna, saboda abin da ke tafe.

A Fabrairun 1976 kamfaninsu ya tsinto waƙoƙi 10 daga albam huɗun farko ya haɗa su wuri ɗaya da sunan Their Greatest Hits 1971–1975. Shi ne mai kwali shuɗi-shuɗi da ƙoƙon kan gaggafa a tsakiya. Shi ne albam na farko da ƙungiyar masu harkar faifai ta Amurka, RIAA, ta bai wa shaidar filatinam, wato shaidar sayar da kwafi miliyan ɗaya, kuma a 2018 ta ƙiyasta cinikinsa a kwafi miliyan 38 a Amurka kaɗai. Ba don yawan cinikin nake cewa ka fara da shi ba. Dalilina shi ne minti arba'in da 'yan kai ne babu waƙar da za ka so ka tsallake, kuma kusan duk abin da na yaba a sama yana ciki: Take It Easy, Desperado, Tequila Sunrise, Lyin' Eyes, Best of My Love. Idan kuɗinka na albam ɗaya ne, to wannan. Amma ka sani tun kafin ka biya, babu waƙar Hotel California a cikinsa, domin ba a ma yi ta ba lokacin. Mutane da dama kan ga an rubuta manyan waƙoƙi a kwali su ɗauka tana ciki, sai sun koma gida su gane.

Shi kuwa Hotel California, a Disamban 1976 ya fito, bayan Leadon ya fita daga ƙungiyar Joe Walsh ya maye gurbinsa. Fitar mai banjo da shigowar gwanin jitar lantarki ita ce ta gaya maka komai game da wannan albam. Babu mai musun ingancinsa. Masu sharhin da suka daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji da yawansu a nan suka sallama, waƙar Hotel California ta ci Grammy ta gwarzon naɗi na shekara a 1978, duk da cewa kyautar albam ɗin shekara Rumours na Fleetwood Mac ne ya ɗauke. A ƙididdigar 2018 cinikin Hotel California ya kai kwafi miliyan 26 a Amurka. Musayar jitar da Felder da Walsh suka yi a ƙarshen waƙar, kimanin minti biyu suna kai da komowa kafin su haɗe, ta cancanci kuɗin albam ɗin ita kaɗai. Sai dai wanda ya zo don muryoyi zai same su ne a wurare kaɗan, musamman New Kid in Town, wadda Grammy ɗinta ta tsara muryoyi ce, da Try and Love Again ta Meisner. Saura rok ne na birni, mai nauyi da ɗaci. Wannan shi ne saye na biyu, ba na farko ba.

Akwai maganar da ta kamata in taɓo, tunda a gida ko a mota da iyali za ka sa. An daɗe ana yaɗa cewa Hotel California waƙar bautar shaiɗan ce. Su mawaƙan sun musanta, Henley ya sha bayyana cewa kan rayuwar holewa da almubazzaranci ta Amurka take magana. Amma gaskiya ne akwai zancen giya da mata a waƙoƙinsu da dama, kuma Life in the Fast Lane kan shaye-shaye ce ƙarara, ko da yake tana nuna inda hanyar ke kai mutum. Mai jin Turanci ya san da wannan kafin ya ƙure sauti a gaban yara.

The Long Run na 1979 zan wuce shi da sauri. Sun gaji, suna ta rigima, aikin ya ja musu lokaci, kuma ana jin gajiyar a faifan. Ya hau lamba ɗaya, Heartache Tonight ta ci Grammy, amma masu sharhi da yawa sun ga bai kama ƙafar na gabansa ba. Abin da ya cece shi a wurina I Can't Tell You Why ce, da muryar Timothy B. Schmit, wanda ya gaji Meisner a 1977 kamar yadda ya taɓa gadonsa a ƙungiyar Poco. A Yulin 1980, a wani wasa a Long Beach, Frey da Felder suka riƙa yi wa juna barazana a kan dandamali, daga nan ƙungiyar ta watse.

Daga cikin tarkacen wannan watsewa ne aka fitar da Eagles Live a ƙarshen 1980. An yi masa gyare-gyare da yawa a situdiyo, kuma ban ce ka saye shi gaba ɗaya ba. Amma a cikinsa akwai Seven Bridges Road, waƙar Steve Young, wadda suka saba gasa murya da ita kafin su hau dandamali. Mutum biyar ne suka fara ta da baki kawai, babu ganga babu jita. Ranar da na fara jin ta da abin sauraro a kunne, sai da na mayar da farkonta sau huɗu ina ƙoƙarin raba muryoyin ɗaya bayan ɗaya, na kasa tantance inda ta wani ta ƙare ta wani ta fara. Idan kana son gwada ko Eagles za su yi maka, nemi wannan a YouTube ko Spotify kafin ka fitar da ko kwabo. In ba ta motsa ka ba, ajiye kuɗinka.

Sun sake haɗuwa a 1994 da Hell Freezes Over, sababbin waƙoƙi 4 da tsofaffi 11 da aka naɗa a gaban 'yan kallo don tashar MTV. Muryoyin sun manyanta amma sun daidaita, kuma Hotel California da suka yi da jita maras lantarki da ganguna na hannu ta zama abin da masu sayar da manyan lasifika ke gwada kayansu da shi, saboda tsabtar naɗin. Wanda yake da kayan sauti masu kyau a falo zai more shi fiye da mai saurare ta bakin waya. Long Road Out of Eden na 2007, faifai biyu ne mai waƙoƙi 20, wanda a Amurka aka fara sayar da shi a shagunan Walmart da shafin ƙungiyar kawai, ya kuma hau lamba ɗaya. Ya buɗe da haɗin murya mai ratsa jiki, How Long ta ci Grammy a rukunin kantiri, amma tsawonsa ya wuce abin da ke cikinsa. Na masu tara komai ne. Shi ne kuma albam na situdiyo na ƙarshe da Frey ya yi da su kafin mutuwarsa a Janairun 2016.

Akwai hanya ta tsakiya ga wanda ba ya son zaɓe tsakanin kantiri da rok: The Very Best Of na 2003, faifan CD biyu mai waƙoƙi 33, daga 1972 har bayan sake haɗuwarsu, kuma Hotel California da Seven Bridges Road duk suna ciki. A Ingila sunansa The Complete Greatest Hits. Ya fi cika, amma bai da wannan dunƙulewar ta mai shuɗin kwali, wanda kan tafi kamar tafiya ɗaya. Ka kuma kula, akwai wasu tarin masu kusan wannan suna amma faifai ɗaya ne, don haka juya bayan kwalin ka ƙirga waƙoƙin.

Game da irin faifan da za ka saya, CD ya fi sauƙin sha'ani, kuma na asali yakan zo da ɗan littafi a ciki da rubutun da bai dushe ba. Mai garmaho da ke neman tsohon faifai a hannun 'yan gwanjo, ya zaro shi daga riga ya karkata shi a hasken rana. Siririn layi da farce ba ya ji ba komai ba ne, amma wanda farce ya maƙale a ciki zai riƙa ƙas-ƙas duk zagaye, kuma a waƙa mai sanyi kamar Desperado, da ta fara da fiyano da murya ɗaya, babu kiɗan da zai rufe wannan ƙarar. Ɗora shi kuma a kan tebur ka gani ko ya kwanta daidai, domin zafin ƙasarmu yana lanƙwasa faifan da aka ajiye a kwance cikin shagon kwano.