Ruwan ɗumi ko numfashi: amsa ga 'yar'uwar da gajiya ta hana barci

Ƙanwata, tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu Allah ya ba ni sukunin zama. Kin ce kina fita koyarwa tun bakwai na safe, ki taso ki wuce shago, bayan magariba ki dawo ki ɗora tukunya, ga aikin makarantar yara yana jiranki. Idan kin kwanta jiki ya yi tiɓis amma ido biyu, sai wajen ɗayan dare barci ke ɗaukarki. Wata ta ce ki riƙa jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, wata ta ce ki koyi jan numfashi a hankali, ke kuma kina so a faɗa miki wanda ya fi, don ba ki da lokacin yin duka biyun. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a cikin neman.

Ni tela ce, na daɗe a kan keke, kuma duka biyun na yi su. Abin da na gane shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba, domin ita kanta gajiyar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke zama a ƙafa da ƙugu da kafaɗa. Akwai kuma wadda ke zama a ƙirji, ki kwanta zuciya na ta lissafi: kuɗin makaranta, bashin shago, maganar da aka faɗa miki da rana. Ruwa ya fi iya ta farko, numfashi ya fi iya ta biyu.

Bari in fara da ruwan, don shi muka gada. A makon ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin sallah ya taru, ina taka keke tun hantsi har bayan asham. Ƙafata ta dama takan kumbura har sawun takalmi ya fito a kanta. Idan na sauke tuwo sai in mayar da tukunyar ruwa kan ragowar gawayin, in juye a baho, in sirka, in gwada da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka. In zauna a kujera 'yar tsugunne in tsoma ƙafafun har saman idon sawu. Kafin minti biyar za ki ji wani nauyi yana saukowa daga sharaɓa, yatsun da suka ƙanƙame su sake. Bayan kamar minti goma sha biyar in goge, har tsakanin yatsu, in murza man kaɗanya a dunduniya ina dannawa da babban yatsa. A hunturu wannan shi ke raba ni da faso.

Kuma abin yana da dalili a jiki. Kafin barci ya zo, zafin cikin jikin mutum yakan ɗan sauka, saukar nan tana cikin abubuwan da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa dare ya yi. Ruwan ɗumi yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na tafin hannu da tafin ƙafa, jini ya matso kusa da fata, zafin ciki ya samu ƙofar fita. A 2019 wasu masana a Jami'ar Texas da ke Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga cewa wanka da ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 42, ko da na minti goma ne, idan an yi shi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana rage jiran barci da kusan minti goma. Ki lura da tazarar nan. Ba daga ruwa sai katifa ba, jiki na bukatar lokacin hucewa.

Sai dai ruwa yana da kuɗi da hidima. Sai an sayi jarka a wurin mai ruwa, sai an ƙona gas ko gawayi, sai an wanke baho, kuma da wuya ki gama ba a kira sunanki sau uku ba. A bazara, cikin zafin Afrilu da ba wuta ba fanka, ni ba na iya kusantar ruwan zafi, wanda ya wuni a rana cikin jarka ya ishe ni. Sannan ga gargaɗin da nake roƙon ki isar wa iyayenmu: mai ciwon suga kada ta jiƙa ƙafa sai da izinin likita. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa ta yadda ruwa zai ƙona mutum bai ji ba, kuma raunin ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Haka mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa. Mai juna biyu ma ta guji wanka da ruwan da ya yi zafi sosai.

Babbar kasawarsa kuwa ita ce bai isa ya sa zuciya ta yi shiru ba. Na sha zama ƙafa a ruwa, waya a hannu, ina ba masu ɗinki haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sai in tashi ƙafa ta huta, ƙirji na nan a ɗaure kamar an ɗora dutse. Daga yadda kika bayyana darenki, nan matsalarki take.

Shi numfashi ba ya bukatar komai, shi ya sa mutane ke raina shi. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, idan hankali ya tashi kuma sai ya gajarce ya koma saman ƙirji. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ki saurara: idan kin ja iska bugun yakan ɗan ƙara sauri, idan kin sake ta yakan lafa. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya da huhu da hanji, ita ce birkin jiki, kuma a lokacin fitar da iska ne take rage wa zuciya gudu. To dabarar duka ita ce fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Ki ja ta hanci kina ƙirga huɗu, cikinki ya taso, ba kafaɗa ba. Ki sake ta baki a hankali kina ƙirga shida, kamar mai hura koko a cokali za ta ba yaro. Kowane ɗaya daƙiƙa goma ke nan, shida a minti.

Akwai wani salon kuma da kin riga kin sani ba tare da an koya miki ba. Kin ga yaron da ya sha kuka ya gaji, kin rungume shi, ya ja iska sau biyu a jere sannan ya sauke doguwar ajiyar zuciya, daga nan sai barci? Shi ne. A 2023 masana a Jami'ar Stanford suka sa mutane yin wannan ajiyar zuciyar da gangan, minti biyar kullum har tsawon wata guda: a ja ta hanci, a ƙara ja kaɗan a kai har huhu ya cika, a sake ta baki a tsanake. Waɗanda suka yi hakan sun fi samun walwala a kan waɗanda aka sa su zauna shiru suna lura da numfashinsu kawai. Ni shi nake yi a shago idan mai kaya ta ɗaga mini murya. Sau uku, kaina a sunkuye a kan keke, ba wanda ya san abin da nake yi, sai in iya ba ta amsa da hankali.

Shi ma yana da nasa rauni. Ba ya sauke kumburi, ba ya warkar da ƙugun da ya wuni a tsaye gaban allo. Kwanakin farko za ki ji kamar ba abin da yake yi, domin ba shi da daɗin nan na nan take da ruwa ke bayarwa. Idan kika matsa da ƙarfi kina zuƙar iska da yawa, jiri zai ɗebe ki; in haka ta faru ki tsaya, ki koma numfashinki na kullum. Kuma saurin mantuwa gare shi, tunda babu baho a tsakar gida da zai tuna miki.

Maganin mantuwar shi ne ki ɗaura shi a jikin abin da ba kya fashinsa. Ni na ajiye nawa bayan sallar isha'i, kafin in naɗe sallaya. Carbi na hannuna, kowane numfashi ƙwaya ɗaya; in na kai 33 na san na haura minti biyar, ba sai na duba agogon waya ba. Ban ce numfashin ibada ba ne, mazauni kawai na nema masa. Idan na kwanta kuma sai in yi tasbihin da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima lokacin da ta koka da wahalar niƙa ta nemi mai aiki: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34, ya ce ya fi mata mai aiki alheri. Duk lokacin da na tuna cewa ga mace mai gajiyar aikin gida aka fara ba da shi, sai in ji sanyi a raina.

Don haka idan ɗaya za ki ɗauka, ɗauki numfashi, ki yi shi kowane dare. Ruwan ki bar shi ga ranakun da ƙafa ta yi tsami, ko sau biyu a mako. A ranakun nan ma ba ƙarin lokaci zai ci miki ba: ƙafa na cikin baho, carbi na hannu, minti goma sha biyar ɗin nan ɗaya ne. Sharaɗin kawai wayar ta kasance a ɗaki, ke kina waje.

Ki kuma duba shayin dare. Ganyen shayi da kofi da goro duk suna da sinadarin da ke korar barci, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. Na la'asar ya zama na ƙarshe.

Ki gwada haka mako biyu. Amma idan rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ko kina jin faɗuwar gaba ba dalili, ko yawan ciwon kai, ko kuka na zuwa miki haka kawai, kada ki tsaya ga baho da carbi. Ki je asibiti a auna jininki, ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa mana.