M-Pesa da Pix: na kamfani ko na hukuma?

A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a Kenya. Ba ruwansa da intanet, ƙaramar waya mai madannai ma ta isa. Mutum ya kai tsabar kuɗi wurin wakili a bakin kasuwa, a zuba masa a layi, ya tura wa mahaifiyarsa a ƙauye. Talakan da banki bai taɓa kallo ba ya samu shiga. Sai dai kamfani ɗaya ne mai abin, shi ke yanka kuɗin turawa da na cirewa. Da ya mamaye kasuwa, sai da hukumar kula da gasa ta sa baki a 2014 kafin wakilansa su sami damar yi wa wasu kamfanoni aiki.

A Brazil kuwa babban banki ne da kansa ya gina nasa tsarin tura kuɗi, Pix, ya ƙaddamar a Nuwamba 2020, ya wajabta wa manyan bankuna shiga. Tsakanin mutum da mutum kyauta ne, dare da rana, nan take. Amma sai da asusu, galibi kuma sai da babbar waya. Ɓarayi ma sun riƙa tsare mutane suna tilasta musu turawa, har a 2021 aka ƙayyade abin da za a iya turawa da dare.

Ni dai na fi karkata ga Pix, don mai sayar da abinci a titi da babban ɗan kasuwa duk tsari ɗaya suke amfani da shi. Ban ce hannun hukuma kaɗai ya isa ba: Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da eNaira, wato naira ta dijital, a Oktoba 2021, jama'a kuma suka ci gaba da layi a wurin masu POS.