Manhajar fassara sunayen dangi na Indiya: sashen Assam ya gamsar, amma da gyara

Manhajar ta waya ce, ana sauke ta kyauta, aikinta kuma shi ne ka rubuta sunan dangi na wani mutumin Indiya ta faɗa maka ma'anarsa da tushensa. A matsayina na malamin tarihi a nan Sakkwato, na fi ba da lokacina ga sashen jihar Assam, wadda ke arewa maso gabashin Indiya a kwarin kogin Brahmaputra, domin a nan ne masu manhajar suka fi zuba ƙoƙari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta tsaya ga fassarar kalma ba, sai ta mayar da mai karatu ga daular Ahom, wadda Sukaphaa ya kafa a 1228 bayan ya tsallako duwatsun Patkai, ta kuma ɗore har zuwa 1826 lokacin da yankin ya faɗa hannun Turawan Ingila. Daular ta tsara maza baligai cikin aikin gayya da na yaƙi na dole, ana kiran kowanensu paik, kuma muƙaman shugabanninsu ne suka koma sunayen gado. Bora yana jagorantar mutum 20, Saikia 100, Hazarika 1,000, Phukan kuwa 6,000. Borphukan shi ne wakilin sarki a yammacin ƙasar, kuma wannan muƙami ne kwamandan Ahom mai suna Lachit yake riƙe da shi lokacin da ya karya rundunar daular Mugal, wadda ke mulkin yawancin Indiya a lokacin, a yaƙin Saraighat a 1671. Burhagohain da Borgohain manyan mashawarta ne masu hannu a naɗin sarki. Basakkwace ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan, tunda a gabanmu sarautu irin su Waziri, Marafa da Magajin Gari suke liƙe wa gida har jikoki su amsa su.

Ta kuma yi kyakkyawan aiki a kan masu hidimar fada da masu sana'a: Bezbarua likitan sarki, Hatibarua mai kula da giwaye, Kakati magatakarda, Tamuli mai miƙa wa sarki ɗan itacen taunawa da mutanen Assam ke karrama baƙo da shi. Sonowal, sunan da tsohon babban ministan jihar Sarbananda Sonowal yake amsawa, ya samo asali ne daga masu tace zinariya a yashin koguna.

Inda ta yi tuntuɓe, kuma tuntuɓen ba ƙarami ba ne, shi ne ɗabi'arta ta liƙa wa kowane suna ƙabila ɗaya da addini ɗaya. Sarakunan Ahom sun ba da muƙaman Bora, Saikia, Hazarika da Barua ga mutanen al'ummomi daban-daban, har da Musulmi, saboda haka akwai gidajen Musulmin Assam da ke ɗauke da waɗannan sunaye har yau. Ɗalibin da ya dogara da manhajar kaɗai zai ɗauka duk wani Hazarika mabiyin addinin Hindu ne, wanda kuskure ne da ke shafe wani ɓangare na tarihin mutane, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. Sunayen ƙabilar Bodo, irin su Basumatary da Daimary masu alaƙa da ƙasa da ruwa, layi ɗaya ko biyu kawai aka ba su, alhali Bodo na cikin tsofaffin mazauna kwarin.

Ta fuskar amfani, manhajar ba ta da nauyi, tana buɗewa ko da sabis ya yi rauni, sai dai tallace-tallace suna yawan katse karatu, kuma da Turanci kaɗai take, ba ta da sautin da zai koya maka furucin sunayen. Ina ba malamai da ɗaliban tarihi shawarar su sauke ta domin muƙaman Ahom, amma su tabbatar da batun ƙabila da addini a wani littafin kafin su kai shi aji.